Shin Milwaukee ta sayar da Giannis ta yi sabon lale, ko ta ci gaba da riƙe shi?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege: "Assalamu alaikum Koci. Ni magoyin bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Milwaukee Bucks ne tun da na ji cewa iyayen tauraronta Giannis Antetokounmpo daga nan Legas suka tashi. Shekara uku ke nan a jere ana fitar da mu a zagayen farko na wasannin fidda gwani, ga shi kuma an sallami Lillard. A majalisarmu wasu na cewa a sayar da Giannis tun yana da daraja a fara sabon gini kamar yadda Oklahoma ta yi, wasu kuma na cewa wanda ya sayar da ɗan wasa irin wannan bai san abin da yake yi ba. Ni dai na rasa tudun dafawa. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da wannan tambaya, kuma na san irin musun da kake nufi, domin duk wanda ya saba tashi ƙarfe biyu na dare saboda wasan da ake bugawa a Amurka, sannan ya kama hanyar aiki da asuba cikin cunkoson Legas, ba ya ɗaukar maganar ƙungiyarsa da wasa. Idan na fahimce ka, tambayarka gida biyu ce: yaushe ne ya dace ƙungiya ta rushe abin da ta gina ta sake sabon lale, sannan ko Milwaukee ta kai wannan gaɓar a wannan hutun kaka na 2025. Zan fara da tsarin gasar, saboda yawancinmu da idon ƙwallon ƙafa muke kallon ƙwallon kwando, kuma a nan ne lissafi yake rikice mana.

Abin da ya sa faɗuwa take da lada a NBA

A gasar Firimiya ta Ingila, ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi gangarawa take yi zuwa ƙaramar gasa, ta yi asarar kuɗin talabijin, manyan 'yan wasanta su watse. A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, babu gangarawa. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 a kaka, kuma ko wasa goma kacal ka ci, baɗi kana nan. Ƙari a kan haka, a kowane watan Yuni ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ake ba damar fara zaɓa. Saurayin da aka ɗauka a zagayen farko na wannan zaɓe yana sa hannu a kwantiragin da zai iya kai shekara huɗu a kan albashin da doka ta ƙayyade, wanda bai kai rabin abin da za a biya tsohon hannu mai irin ƙwarewarsa ba. Wannan shi ne dukan sirrin sabon gini: ka sayar da manya ka karɓi guraben zaɓe, ka sha kashi shekara biyu ko uku, ka tara samari masu arha, ka jira su nuna.

Sai dai tun 2019 an rage wa faɗuwa daɗi. A tsarin da ake bi a 2025, gurbi huɗu na farko da ƙuri'a ake raba su tsakanin ƙungiyoyi 14 da ba su shiga wasannin fidda gwani ba, kuma ƙungiyoyi uku da suka fi kowa lalacewa kashi 14 cikin ɗari kawai kowacce take da shi na samun gurbin farko, alhali a da ta ƙarshe kashi 25 take da shi. Detroit ce ta fi kowa faɗuwa a 2023, shekarar da kowa yake kwaɗayin Victor Wembanyama, amma San Antonio ta ɗauke shi, ita kuwa ta tashi da gurbi na biyar. A kakar da ta biyo baya ta yi rashin nasara sau 28 a jere, ta ci wasa 14 kacal, aka sake ba ta na biyar. A 2025 Utah ce ta ƙarshe, ita ma na biyar ta samu, Dallas kuma da kashi 1.8 cikin ɗari ta yi awon gaba da Cooper Flagg. Duk wanda ya ce maka "a faɗi kawai a ɗauko sabon Giannis", ka tuna masa da waɗannan shekaru uku.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne kuɗi. Akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya, wadda a kakar 2025-26 ta kai dala miliyan 154.6. Ana iya wuce ta domin riƙe 'yan wasan gida, amma wanda ya haura kusan miliyan 188 zai biya harajin wuce gona da iri, wanda kuma ya haura kusan miliyan 208 ya shiga matakin da yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da 'yan wasa ta ɗaure masa hannu: ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya yi musaya da babba ɗaya ba, ba zai ɗora tsabar kuɗi a kan ciniki ba, kuma za a daskarar masa da gurbin zaɓensa na shekara bakwai masu zuwa. Wannan doka ce ta sa Boston, wadda ta ɗauki kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a hutun 2025 bayan agarar Jayson Tatum ta tsinke. Riƙe jiga-jigan ƙungiya a yau ya fi tsada fiye da shekara goma da suka wuce, ko da mai ƙungiyar yana da kuɗin kuma yana son kashewa.

Misalin Oklahoma da abokanka suke kawowa

Gaskiyarsu ne cewa Oklahoma City ta yi sabon gini ta ci riba. A Yulin 2019 ta miƙa Paul George ga Clippers, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da guraben zagayen farko guda biyar da damar musayar gurbi sau biyu, sannan ta tura Russell Westbrook zuwa Houston. Ta ci wasa 22 a kakar 2020-21, ta ci 24 a ta gaba, daga nan 40, sai 57, sai 68 da kofi a 2025. Amma a duba cikin cinikin da kyau. Wanda ya zama gwarzon gasar, wato Shai, ba faɗuwa ce ta kawo shi ba, a cikin kayan musaya ya zo yana saurayi mai shekara ɗaya a gasar. Jalen Williams kuma da gurbin Clippers aka zaɓe shi, na 12 a 2022. Chet Holmgren, na biyu a wannan shekarar, shi ne wanda shan kashin ƙungiyar ya haifar kai tsaye. Kuma abin da ya sa Sam Presti, manajan ƙungiyar Oklahoma, ya samu wannan farashi shi ne Clippers ta matsu, domin Kawhi Leonard ba zai sa mata hannu ba sai da George. Mai saye ne ya zo a gigice, mai sayarwa kuma bai nuna gaggawa ba.

Haka Boston ta yi a 2013, lokacin da shugabanta Danny Ainge ya tura Kevin Garnett da Paul Pierce zuwa Brooklyn suna kan gangarar shekaru, ya karɓi gurabe uku da damar musaya ɗaya. Brooklyn ta durƙushe, Boston ta girbe Jaylen Brown a 2016 da Tatum a 2017 ba tare da ita kanta ta kwana a ƙasan teburi ba. Sai dai a lura, daga wannan ciniki zuwa kofi shekara 11 ne.

Wanda ba a cika ambata a majalisa ba shi ne Philadelphia. Daga 2013 zuwa 2016, a ƙarƙashin manajanta Sam Hinkie, ta faɗi da gangan, ta ci wasa 19, sannan 18, sannan 10. Ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru, ta kuma ɗauki Jahlil Okafor a gurbi na uku, da Ben Simmons da Markelle Fultz a gurbin farko shekara biyu a jere. Cikin huɗun nan Embiid ne kaɗai ya rage mata, kuma har zuwa 2025 ba ta taɓa tsallake zagaye na biyu na wasannin fidda gwani da shi ba. An sha wuyar, amma ba a kai ga abin da aka sha ta dominsa ba.

Inda Milwaukee ta bambanta

Yanzu mu zo gida. Abin da zan roƙe ka ka kai wa majalisarku shi ne tambaya ɗaya: idan Milwaukee ta faɗi, wa zai ci ribar faɗuwar? Amsar ita ce ba ita ba. Lokacin da ta ɗauko Jrue Holiday daga New Orleans a 2020, ta ba da gurbinta na 2025 da na 2027, tare da damar musaya a 2024 da 2026. Wannan ciniki ya biya kuɗinsa, domin da shi aka ɗauki kofin 2021, ranar da Giannis ya zuba maki 50 a wasa na shida na jerin wasannin ƙarshe da Phoenix. Lokacin da ta ɗauko Damian Lillard a 2023 kuma, ta ba Portland gurbin 2029 da damar musaya a 2028 da 2030. Damar musaya tana nufin idan gurbinka ya fi na wancan kyau, sai ya karɓe naka ya ba ka nasa. Ke nan sai 2031 ne Milwaukee za ta sake mallakar zaɓenta na zagayen farko ba tare da hannun wani a ciki ba. Idan ta sayar da Giannis gobe ta koma cin wasa 20 a kaka, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: magoya baya su sha baƙin ciki shekara biyar, wasu ƙungiyoyi su kwashe samarin. Oklahoma da Philadelphia duka suna riƙe da yawancin gurabensu lokacin da suka rushe gini, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana a kwatanta su da Milwaukee kai tsaye.

Ga kuma nauyin Lillard. Agararsa ta tsinke a Afrilun 2025 a wasan Indiana, aka sallame shi a farkon Yuli, amma sallama a NBA ba ta soke bashi. Sauran kuɗinsa, kusan dala miliyan 113, an shimfiɗa su a kan shekara biyar, wato kimanin miliyan 22.5 duk shekara ga mutumin da ba zai sake sa rigar ƙungiyar ba. Albashin Giannis na kakar 2025-26 ya ɗan haura miliyan 54, kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashi. Idan ka haɗa biyun, kusan rabin iyakar ta tafi kafin a biya kowa. An yi hakan ne domin a samu sararin ɗauko Myles Turner daga Indiana ya maye gurbin Brook Lopez, bayan an riga an yi musayar Khris Middleton da Kyle Kuzma a Fabrairun 2025. Saboda haka maganar "riƙe jiga-jigai" ma ta kusa zama tarihi, domin cikin waɗanda suka fara wasan ƙarshe na 2021 Giannis ne kaɗai ya rage. Abin da ake musu a kai shi ne mutum ɗaya.

Kuma mutumin nan bai fara gangara ba. An haife shi a Disambar 1994 a Atina, shekara uku bayan iyayensa sun bar Legas, a hutun 2025 yana da 30, kuma a kakar 2024-25 yana zuba fiye da maki 30 a kowane wasa idan aka raba daidai. Ƙungiyar da take sayar da tauraro, burinta ta samu wani irinsa wata rana, kuma Milwaukee ta san tsawon wannan jira fiye da kowa. Ta ɗauki kofi a 1971 da Kareem Abdul-Jabbar, ya nemi tafiya ta miƙa shi ga Lakers a 1975, ba ta sake ganin wasan ƙarshe ba sai 2021. Ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi, taurarin da kwantiraginsu ya ƙare ba can suke nufa ba, Los Angeles da Miami da New York suke hange. Shi kansa Giannis a gurbi na 15 aka tsince shi a 2013, yana siririn yaro daga ƙaramar gasar Girka. Irin wannan sa'a ba a tsara ta a ofis.

Akwai wani ɗan Legas da tarihinsa ya shafi wannan magana. Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon a gurbin farko a 1984, suka kai wasan ƙarshe a 1986, daga nan abubuwa suka yi ta ja da baya har a 1992 ƙungiyar ta kasa shiga wasannin fidda gwani, ga kuma rikici tsakaninsa da shugabanni har ya nemi a sayar da shi. Ba a sayar ba. An sasanta, aka bar Rudy Tomjanovich a matsayin koci, aka zaɓo Robert Horry a 1992 da Sam Cassell a 1993, aka kewaye Hakeem da masu jefa ƙwallo daga nesa domin duk wanda ya tura mutum biyu su tare shi ya biya farashi. Suka ɗauki kofi a 1994 yana da shekara 31, suka ƙaro Clyde Drexler a tsakiyar kaka, suka maimaita a 1995. Ina kawo wannan ne da sharaɗi, domin Houston tana da gurabenta na zaɓe da ta samo Horry da Cassell da su, abin da Milwaukee ba ta da shi a yalwace. Dole ta nemi nata mataimakan a zagaye na biyu na zaɓe da cikin waɗanda wasu suka yar.

Abin da na gani a filinmu

Ni ba shugaban ƙungiyar NBA ba ne. Aikina horar da samari ne a nan Legas, tsakanin filin Rowe Park a Yaba da zauren wasanni na Surulere, kuma ba ni da rahoton likita a kan gwiwar Giannis, ba na kuma cikin ɗakin da yake magana da shugabanninsa, alhali waɗannan biyun su ne za su yanke hukunci fiye da duk lissafin da na jero. Amma akwai kuskuren da na taɓa yi da hannuna. Ina da wasu manya biyar da suka ci mini wata gasa, na riƙe su shekara biyu bayan ƙafafunsu sun fara nauyi saboda ina jin kunyar zaunar da wanda ya yi mini rana. Samari uku masu tsawo da nake da su suka gaji da zaman benci, biyu suka koma wata ƙungiya, ɗaya ya bar wasan ya kama sana'a. Da manyan suka tafi kusan a lokaci guda, sai na waiga ban ga kowa ba, ba tsuntsu ba tarko. Abin da na koya shi ne ba riƙe gwani ne yake kashe ƙungiya ba, riƙe kowa da kowa saboda kara shi ne matsalar. Da na bar biyu daga cikinsu na saka samarin a gefensu, da an yi gadon wasa ba tare da rushewa ba.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya nuna fuskokin nan biyu lokacin da yake shugabantar ƙungiyar Toronto. A 2018, bayan kakar da suka ci wasa 59, ya sallami koci Dwane Casey, ya ba da DeMar DeRozan da garin yake ƙauna ya karɓi Kawhi Leonard mai sauran shekara ɗaya a kwantiragi, amma ya riƙe Kyle Lowry da Pascal Siakam da Fred VanVleet. Suka ɗauki kofi a 2019. Daga baya kuma, a ganina, ya yi jinkirin rabuwa da ragowar: VanVleet ya tafi Houston a 2023 ba a samu ko sisi ba, OG Anunoby da Siakam kuma an sayar da su a tsakiyar kaka suna shekarar ƙarshe ta kwantiragi. Duk wanda ya taɓa zuwa Kara ko Abatuwar Agege ya san bambancin kuɗin rago kwana uku kafin Babbar Sallah da kuɗinsa washegarin Sallah. Ragon bai rame ba, lokacin ne ya wuce. Ɗan wasan da ya shiga shekararsa ta ƙarshe haka yake, domin mai saye ya san zai iya jira ya same shi kyauta.

Wannan ne ya kawo ni ga ra'ayina. A wannan hutun na 2025 ban ga hujjar da Milwaukee za ta fara tallan Giannis da kanta ba. Yankin Gabas na gasar, inda Milwaukee take, ya yi rauni a hutun 2025, tunda Tatum na Boston ya tafi doguwar jinya, Indiana kuma ta rasa Tyrese Haliburton da agararsa ta tsinke a wasa na bakwai na jerin wasannin ƙarshe na 2025, ta kuma rasa Turner. Ƙungiyar da ta ci wasa 48 a kakar 2024-25 tana da ikon gwada sa'arta shekara ɗaya a irin wannan yanayi, ko da yake ba na ganin ta kai ƙarfin Cleveland ko New York, kuma babbar damuwata ita ce rashin wanda zai riƙa tsara hari idan an toshe Giannis. Amma kwantiraginsa yana ba shi damar fita a 2027, ke nan agogo yana tafiya. Idan shi da bakinsa ya ce yana son tafiya, ko aka kai hutun 2026 ya ƙi sa hannu a kan ƙarin wa'adi, to sai a sayar nan take, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a ranar, kada a ruɗu da yawan guraben da wata babbar ƙungiya za ta lissafo, domin ƙungiyar da ta samu Giannis za ta riƙa cin wasa, gurabenta kuma su faɗa can ƙasa wajen na 25. Abin da ya kamata Jon Horst, manajan ƙungiyar Milwaukee, ya nema shi ne saurayi ɗaya da ya riga ya nuna alama, irin yadda Shai yake a 2019, sannan a jawo masu riƙe da guraben Milwaukee cikin cinikin domin a karɓo ko da biyu daga cikinsu. Brooklyn ta yi irin wannan a 2024, ta fanso gurabenta na 2025 da 2026 daga hannun Houston kafin ta shiga nata sabon ginin.

Idan kuna son ma'aunin da za ku bi a majalisa, Malam, ku zuba ido zuwa farkon Fabrairun 2026, lokacin da ake rufe kasuwar musaya. Ku duba matsayin ƙungiyar a Gabas bayan wasa 50, ku duba yadda take yi a mintunan da Giannis yake hutawa a benci, ku kuma duba ko an taɓa gurbin 2031. Idan aka sayar da shi domin ɗauko wani mai shekara 33, ni zan koma ɓangaren abokanka masu cewa a rushe.